Yadda ake shiga tseren kwale-kwale na rufe kaka cikin shigar ban dariya, a kuma fito lafiya

Idan Oktoba ya kama a Turai da Amurka, ganye ya fara zuba, masu ba da hayar jirage sun fara kwashe kayansu daga bakin kogi, ƙungiyoyin matuƙa kan shirya tsere ɗaya na sallama kafin hunturu ya kori kowa daga ruwa. Rabinsa gasa ce, rabinsa biki. Za ka ga ƙato da gashin doki mai ruwan hoda yana tuƙa kayak, wato siririn kwale-kwale, ko mutum tara cikin dogon kwale-kwale duk sun yi shigar masu dafa abinci. A garin Tualatin na jihar Oregon har ƙatuwar kabewa suke rarakewa su shiga ciki su yi tsere. Wanda ya taso yana kallon tashe ba zai yi baƙunta ba. Bambancin kawai, ɗan tashe idan ya faɗi ƙasa ce za ta tare shi.

Ni a kogin Ardèche na kudancin Faransa na koyi abin. Tun 1985 ake yin tseren nan a watan Nuwamba, daga wajen Vallon-Pont-d'Arc zuwa Saint-Martin-d'Ardèche, tafiyar kusan kilomita 30 a cikin kwazazzabo mai dogayen duwatsu. Gwanaye kan gama cikin ƙasa da awa 2. Irinmu kuwa rabin yini muke ci. Da shi zan riƙa kawo misali, amma abin da zan faɗa zai yi maka aiki a kowane kogi mai sanyi.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Jirgi. Uku ne: kwale-kwale buɗaɗɗe da ake tuƙawa da filafili mai baki ɗaya, kayak mai filafili baki biyu, da allon ruwa da ake tuƙawa a tsaye. Sabon shiga ya nemi kayak na roba mai mutum biyu, irin wanda ake zama a samansa ba a zura ƙafa ciki ba. Nauyi gare shi, ba ya sauri, amma ya jure dukan dutse, kuma idan ya kife ba ya riƙe mutum. Kada ka saya, haya ta isa.

Filafili daidai tsawonka. Na kwale-kwale idan ka tsayar da shi ya kai maka haɓa. Na kayak tsakanin santimita 210 zuwa 230 ga yawancin manya. Na allon ruwa ya ɗara kanka da kamar taƙi guda.

Rigar ceto mai lambar 50N ko sama da haka, wadda ta kama ƙirji. Ka sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta taso har kunnenka, ta yi maka yawa.

Hular kwano ta ruwa. Ko dokar tseren ba ta tilasta ba, ka sa.

Rigar roba mai kama jiki, wadda suke kira niyofirin, mai kaurin milimita 3, da jaket mai tare iska a kanta. Takalmi rufaffe wanda ba ya zamewa daga ƙafa. Silifa ko fade ka bar su a mota.

Usur ɗaure a rigar ceto. Bido mai murfi, wato ɗan durom na roba, ko jakar da ruwa ba ya shiga, cikinta busassun kaya, bargon leda mai ƙyalli irin na agajin gaggawa, da waya. Ruwan sha lita ɗaya da rabi, dabino, da ƙaramin filas na shayi.

Na ɗinkin shiga kuma: yadin roba marar nauyi irin na rigar 'yan ƙwallo, soso mai tauri irin na tabarmar motsa jiki, Velcro (abin manne nan na madaurin takalmi da jaka), siririn zaren ɗinki, salatif mai ƙarfi, da fentin fuska.

MATAKAI

1. Rajista da karatun doka

Ka yi rajista da wuri, ka kuma karanta dokar tseren daga farko har ƙarshe, ko da da ƙamus ne. A nan za ka ga rukunin da ya dace da kai, kayan da za a duba kafin a bar ka ka sa jirgi a ruwa, da lokacin da ake rufe hanya ga na baya. A Faransa ana iya neman katin ƙungiyar wasan ko takardar likita, kuma samun ganin likita kan ɗauki makonni, don haka kada ka bari sai satin ƙarshe. Sharaɗi ɗaya babu sassauci a kansa: dole ka iya iyo, ka kuma iya nutsa kanka cikin ruwa ba ka ruɗe ba. In ba ka iya ba, bana ka tsaya a gaɓa ka yi tafi, ka shiga ajin iyo cikin hunturu.

2. Ka san jirginka kafin ka yi masa ado

Aƙalla fita huɗu ko biyar kafin ranar, ɗaya daga ciki ta kai awa 3. Idan ku biyu ne, mai nauyi ko wanda ya fi gwaninta ya zauna baya, shi ne mai linzami. Na gaba shi ke ba da kiɗa, na baya ya bi bugunsa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tuƙi da damtse. Damtse zai mutu tun a kilomita na biyar. Ka miƙe zaune, ka dasa filafili kusa da yatsun ƙafarka, ka juya ƙugu da kafaɗa tare, ka zare shi idan ya iso kwankwaso. In ka wuce da shi baya ruwa kawai kake ɗagawa.

A ɗaya daga cikin fitar nan ku kifar da jirgin da gangan a wuri marar zurfi, ku juyo shi, ku hau. Farkon kifewarka kada ta kasance ranar tsere.

In babu kogi kusa da kai, tafki ma ya yi don koyon bugu da juriya, sai dai ba zai koya maka karatun ruwa mai gudu ba. Sai ka je kogin tseren kwana ɗaya kafin ranar, ka gangara wani ɓangarensa tare da wanda ya san shi.

3. Ɗinka shigar

Nan ne aikin yake, bari in ba ka labarin abin da ya same ni.

Shekarata ta farko na ce sai na nuna wa Turawa ado. Na ɗauko babbar riga ta shadda mai aska biyu, na zura a kan rigar ceto, na naɗa rawani a kan hular kwano. A bakin ruwa sai hoto ake yi da ni, ni kuwa ina ta ɗaga hannu kamar hakimi ranar hawa. Ba mu yi nisa ba muka iso gangaren Charlemagne, wurin da ruwa ke zubowa da gudu tsakanin duwatsu, wanda ke dab da bakan dutsen nan na Pont d'Arc mai tsayin mita 54, inda 'yan kallo suka fi taruwa. Wani jirgi ya bangaje mu ta gefe, muka kife. Sanyin ya shaƙe ni, numfashi ya ƙi shiga. Rigar ta buɗe cikin ruwa kamar homa, hannun dama ya naɗe mini ƙafafu, rawanin ya warware ya kwanta a fuskata. Rigar ceto tana ja na sama, shadda tana ja na gefe, ga usur a ƙirjina amma yadi ya rufe shi. Wani mai aikin ceto ne ya jefo mini igiya. Da na fito gaɓa na kasa ɗaga rigar da hannu ɗaya don nauyi.

Tun daga ranar, shigar da zan sa don kifewa nake ɗinka ta, hoto ya biyo baya. Ga yadda nake yi.

Kayan kariya ake fara sawa, ado ya hau kansu. Amma kada komai ya rufe madaurin rigar ceto, ko kafaɗunta, domin nan mai ceto zai kama ya jawo ka. Lambar tsere ma ta fito fili.

Duk abin da ka ƙara ya zama mai cirewa da fizga ɗaya. Fukafuki ne, wutsiya ce, alkyabba ce, ka maƙala ta da Velcro ko ka riƙe ta da ɗinki biyu-uku na siririn zare wanda zai tsinke da kansa. Ƙulli haramun ne a wannan sana'ar. Kada ka ɗaura komai a wuya, kada ka bar igiya ko madauki yana lilo, reshen da ke ƙarƙashin ruwa shi yake jira.

Auduga ba ta shiga ruwan Nuwamba. Tana shan ruwa, ta yi nauyi, ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Shadda, atamfa, wandon jins, kayan dabbobi masu gashi da ake sayarwa a kanti, duk hukuncinsu ɗaya. Tsawon riga kada ya wuce cinya, hannunta ya tsaya a gwiwar hannu.

Fuska a bar ta a buɗe. Abin rufe fuska na roba yana toshe gani ta gefe, kuma in ruwa ya shiga ciki ba ya fita da wuri. Fenti ya fi. Gemun auduga irin na 'yan tashe minti biyar zai yi ya zama jiƙaƙƙen tsumma, a yanka na soso a manna a madaurin hular kwano.

Mafi yawan adon a ɗora wa hula da jirgi. Malfa idan aka riƙe ta a kan hular kwano da zare biyu tana jan ido daga nesa fiye da kowace riga, kuma in ta tafi ba asara. A goshin jirgi ana iya manna kan kada ko na zakara da aka yanka da soso, muddin bai wuce kamu ɗaya a tsayi ba. Abin da ya fi haka ya zama tanti, iska za ta yi ta juya ku.

Mata masu hijabi: dogon hijabi matsalarsa ɗaya da babbar rigata. Na wasanni mai kama kai, a cusa bakinsa cikin jaket, hular kwano a sama, sannan doguwar rigar roba zuwa cinya a kan niyofirin. Sutura ta samu, hatsari ya ragu. Allurar riƙe mayafi a bar ta a gida.

Ba dole sai ka yi shigar mayu da ƙwarangwal ba don ka ga su ne suka fi yawa a kusa da bikin Halowin. Masunci, mai shayi, direban tasi, kifi, duk sun karɓu. Abin da za ka guje wa shi ne kwaikwayon wata ƙabila ko addini don a yi dariya. Sannan kwazazzabon Ardèche gandun da doka ta kare ne tun 1980, saboda haka ƙyalƙyali, gashin tsuntsu na roba da balan-balan da za su zube cikin ruwa ba su da wuri.

In kuɗi ko lokaci ya ƙure, fentin fuska da riguna masu launi ɗaya ga duk 'yan jirgin sun wadatar.

4. Gwajin ruwa

Ka sa komai yadda za ka sa ranar, ka shiga ruwa marar gudu inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, wani yana tsaye kusa. Ka yi iyo mita 25. Ka kwanta rigingine. Ka lalubo usur ido rufe. Ka fizge adon ka ga ko ya fita cikin daƙiƙa biyar. Sannan ka hau jirgi ka yi tuƙi na rabin awa, domin abin da ke ɗan gogar hamata a minti goma zai zama gyambo a awa huɗu. Duk abin da ya faɗi wannan jarrabawa a cire shi, komai kyansa.

5. Daren jajibiri

Ka duba yanayin ruwa. Kogunan wannan yanki suna da hali a kaka: ruwan sama mai ƙarfi kan sauka a tsaunukan Cévennes, cikin awoyi kaɗan kogin da yara ke wasa a ciki ya zama dodo. Shafin gwamnati na Vigicrues yana nuna tsayin ruwa. In masu shiri suka rage hanya ko suka soke tseren, kada ka ce ai ka riga ka biya kuɗin mota, bari ka gangara kai kaɗai.

Ka shirya batun mota, don inda aka tashi ba nan ake sauka ba. Ko ka bi motar masu shiri, ko ku kai mota ɗaya wurin sauka da busassun kaya a ciki. Makullin ya bi ka cikin bido. Na taɓa ganin mutum huɗu suna rawar ɗari a jikin motarsu, makulli yana can kilomita 30 a cikin ɗaya motar.

Ka kuma lissafa sallarka. A Nuwamba rana kan faɗi a kudancin Faransa jim kaɗan bayan ƙarfe 5, tsakanin azahar da la'asar ba nisa. Ka san tun da dare ko za ka isa kan lokaci ko za ka tsaya a wani tudun yashi.

6. Tashi

Ka ci abinci awa 2 kafin tashi. Ka zaga kafin ka sa niyofirin, cire shi da sanyin safiya azaba ce. Bido a ɗaure shi gam a jikin jirgi, ba a jikinka ba.

Idan aka busa, ɗaruruwan jirage ne za su zabura lokaci guda, filafilai na karo, ruwa ya hautsine. Yawancin kifewa a nan take faruwa da kuma gangaren farko. Ka tsaya can baya, ta gefe, ka bar masu zafin kai su wuce. Minti biyun da ka rasa za ka same su idan ka zo wuce su suna kwarfe ruwa.

7. Karatun ruwa

Ka riƙa kallon inda kake so ka bi. Wanda ya ƙura wa dutse ido, dutsen zai je.

A bakin gangare ka nemi wurin da ruwa ya yi santsi ya tsuke kamar harshe, tsininsa yana kallon ƙasa. Hanya ke nan. In kuwa tsinin yana kallonka, dutse ne a ƙarƙashi. Ka shiga da goshin jirgi a miƙe, kuma kada ka daina tuƙi. Sabon shiga kan ɗaga filafili sama ya ƙame don tsoro, alhali filafilin da ke cikin ruwa shi ne ƙafarsa ta uku. Ka bar tazarar jirgi uku tsakaninka da na gaba, in ya maƙale ka samu wurin kaucewa.

Idan ruwa ya kai ku jikin dutse ta gefe, ku karkata wajen dutsen, har ku rungume shi in ta kama. Jiki zai ce ku guje shi, amma da kun karkata wajen da ruwa ke zuwa, ruwan zai hau bakin jirgin ya danne shi. A gangaren Dent Noire na Ardèche, inda dutse ke tsaye tsakiyar hanya, wannan darasin kan yi wa mutane tsada. Gaba kuma akwai gangaren Toupine de Gournier. Duk gangaren da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka fito gaɓa ka duba, ko ka ja jirgin ta gefe. Babu wanda zai cire maka maki.

Abu biyu kada ka kusance su ko a wane kogi: itacen da ya faɗo cikin ruwa, da ƙaramar madatsa da ruwa ke bi ta samanta. Madatsar kan yi kama da abin wasa, amma ruwan da ke gindinta juyawa yake yi yana mayar da mutum. Ranar 30 ga Oktoba 2021 wata irinta a garin Haverfordwest na yankin Wales ta yi sanadin mutuwar mutum huɗu cikin masu tuƙa allon ruwa.

Mai allon ruwa ya durƙusa a kan gwiwa a kowane gangare, ya kuma sa gajeren reshe mai lanƙwasa, wato ɗan fiffiken roba da ke daidaita tafiya, a ƙarƙashin allon. Igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu ta teku ce da tafki. A kogi in ta sarƙe a dutse, ƙarfin ruwa ba zai bar ka ka kai hannu ƙafarka ba. A yi amfani da ɗamarar ƙugu mai kwancewa da ja ɗaya, ko a bi abin da dokar tseren ta ce.

8. Idan ka kife

Minti na farko na numfashi ne. Ruwan sanyi kan sa mutum haki ba da sonsa ba, ka bari rigar ceto ta ɗauke ka har ƙirji ya lafa. Bayan haka kana da kamar minti 10 kafin yatsu su daina jin magana, sai ka yi amfani da su.

Ka kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa. Kada ka yi ƙoƙarin tsayawa sai ruwan ya koma ƙasa da gwiwa, don ƙafa kan shige tsakanin duwatsu ruwa ya kifa mutum a fuska. Ka kasance ta ɓangaren da ruwa ke zuwa, jirgin yana gabanka, kada ka shiga tsakaninsa da dutse. Ka riƙe filafili in za ka iya. Adon da ya dame ka ka fizge shi. Busa uku a usur na nufin a kawo agaji, lambar gaggawa a Turai kuma 112 ce, sai dai a cikin kwazazzabo waya ba ta cika samun layi ba.

Da ka fito, ka dubi abokin tafiyarka kafin jirgi. Rawar ɗari ba komai ba ce. Amma in maganarsa ta fara sarƙewa, ko ya kasa zuge zif, a cire masa jiƙaƙƙen ado, a naɗe shi da bargon leda, a ba shi shayi, a sanar da masu ceto. Tserensa ya ƙare.

9. Rabin ƙarshe

Kowane minti 40 ka jefa dabino biyu a baki ka kurɓi ruwa, ko ba ka ji ƙishi ba, sanyi yana ɓoye shi. Kilomitocin ƙarshe ruwa kan kwanta, ba mai tura ka, wani lokaci ga iska a fuska. In ka samu jirgi mai gudu daidai da naku, ka lafe a bayansa, igiyar ruwan da ya bari za ta rage maka aiki. A nan ne ma'aurata ke fara faɗa a kan wane ne ba ya tuƙi. Ku riƙa ƙirga bugu da baki, yana taimakawa.

10. Sauka

Ka janye jirgi daga hanya, na baya suna zuwa. Ka sauya kaya kafin hoto, kafin abinci, kafin komai, domin sanyi ya fi kama mutum bayan ya daina motsi. In akwai kyautar shigar da ta fi kyau, ka mayar da adon a kan busassun kaya. A teburin abinci ka tambayi abin da ke cikin tukunya, naman alade da giya ba baƙi ba ne a irin wannan taro. Gasasshen shatenyi kuwa, ɗan itacen da yankin ya yi suna da shi, ka cika aljihu, yana ɗumama hannu kafin ya kai ciki.

A gida ka ɗauraye niyofirin da rigar ceto da ruwan famfo, ka shanya su a inuwa, ba a kan na'urar ɗumama ɗaki ba, zafi yana busar da roba ta tsage. Sai sun bushe ƙarau za ka adana su, in ba haka ba watan Afrilu za ka buɗe jaka ka tarar da fumfuna.